Zango na huɗu ya cinye ni a kan gadar Third Mainland

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo, barkanmu da warhaka. Ina magana da ku ne daga ɗakina a Agege da ke Legas, kuma ƙarar da kuke ji a bayana ta janaretan maƙwabcina ce, domin tun la'asar aka ɗauke wuta. Abin da ya sa na kunna kyamara yau wani takaici ne da na kwana da shi, wanda har yanzu bai sake ni ba, kuma ya shafi wasan kula da ƙungiyar ƙwallon kwando da nake yi a intanet kusan shekara biyu ke nan.

Ga wanda bai san irinsa ba, a wasa kamar BuzzerBeater ba kai ne kake riƙe ƙwallo ka jefa ba. Kai ne mai ƙungiya, kai ne kuma koci: ka sayi 'yan wasa da kuɗin cikin wasan, ka biya su albashi, ka tsara waɗanda za su fara da waɗanda za su zauna a benci, ka zaɓi horon da za a ba su a mako, sannan kwamfuta ta buga wasan kana kallo, ba ka da ikon tsoma hannu.

Jiya da yamma ina cikin danfo daga Obalende, cunkoso ya tsayar da mu cak a tsakiyar gadar Third Mainland, ruwa ta dama ruwa ta hagu, sai na sayi datar naira dubu ɗaya don in bi wasanmu kai tsaye. Wasa ne da za a san wanda zai tsaya a saman tebur. Har aka gama zango na uku daga cikin zango huɗu na wasan muna gaba da maki goma sha huɗu, kuma ba alfahari ba, yarana sun yi wasan da ban taɓa ganin sun yi irinsa ba, musamman ɗan wasan nan nawa mai jifa daga nesa, wanda na shafe kaka uku ina renonsa. Da aka shiga zango na huɗu sai komai ya juye. Mai jifan nan ya jefa shida a jere babu wadda ta shiga kwando, dogon da ke tsaron ƙarƙashin kwando ya daina cafke ƙwallon da ta dawo, aka riƙa ƙwace mana ƙwallo a tsakiyar fili, kuma masu tsaron baya suka koma yin keta saboda ƙafafunsu ba sa iya bin abokan hamayya. Kafin motarmu ta sauka Oworonshoki an cinye mu da maki uku.

Da na iso gida ban ci abinci ba sai da na buɗe shafin ƙungiyar da ta doke mu, na duba wasanninta na baya. Ba su fi mu gwanaye ba, albashinsu ma bai kai namu ba, amma a kusan kowane wasa zangonsu na ƙarshe ne ya fi yawan maki. Na dawo kan yarana na bi su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da na daɗe ina kau da kai daga gare shi: jifa ya yi sama, miƙa ƙwallo ya yi sama, juriya kuwa tana can ƙasa, ta wasu ma ta ragu ban lura ba. Dalilin da ya sa na yi sake da ita a fili yake. Horo ɗaya ake zaɓa a mako, kuma duk makon da ka ba juriya, makon ne ka hana matashin ɗan wasanka ƙaruwa a jifa ko tsaro, wato abin da ke ɗaga farashinsa a kasuwa. Juriya ba ta burge mai saye, shi ya sa kowane mako nake cewa sai mako mai zuwa.

Na kira wani yayana a Kano, wanda shi ya koya mini wannan wasa, kuma shi ne yake kai ni ɗakin wasanni na Ƙofar Mata kallon ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars tun ina yaro. Na ce masa, "Yaya, wallahi na tara gwanaye amma an cinye ni." Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ƙanena, gwanintar da ka saya ta minti talatin ce, wasan kuwa minti arba'in da takwas ne. Wa ka ajiye wa ragowar?" Wannan magana ta shige ni, domin gaskiyar lissafin ke nan. Ɗan wasan da ya gaji ba jifansa kaɗai ke lalacewa ba, duk abin da ya iya ne ke raguwa a lokaci ɗaya, ga shi kuma horon juriya ƙungiya gaba ɗaya yake shafa, ba mutum biyu ko uku ba kamar horon jifa. Ashe makon da nake gani asara ne, shi ne makon da ke kare kuɗin da na zuba a sauran makonnin.

A ƙwallon kwando na zahiri ma haka abin yake. A dokar FIBA, wato hukumar ƙwallon kwando ta duniya, zango huɗu ne na minti goma-goma, a NBA kuwa, babbar gasar Amurka, minti goma sha biyu-biyu, kuma ƙungiya daƙiƙa 24 kawai take da su ta jefa ƙwallo, saboda haka babu inda ɗan wasa zai laɓe ya huta kamar yadda wani kan samu a ƙwallon ƙafa. Idan aka tashi kunnen doki a ƙara minti biyar. Wilt Chamberlain, wani tsohon ɗan wasan NBA, a kakar 1961 zuwa 1962 ya riƙa buga sama da minti 48 a kowane wasa idan aka daidaita, saboda ƙarin lokaci, amma irinsa ba a samunsa a kasuwa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Hakeem Olajuwon, ɗan garin nan na Legas, wanda ya ci kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. A watan Fabrairun 1995 yana azumin Ramadan, amma shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasa na wannan wata. Duk lokacin da na wuce filin Rowe Park a Yaba na ga samari suna gumi a wannan zafi mai ɗanshi na Legas, wanda ko tafiya ka yi sai rigarka ta jiƙe, sai in tuna da shi, in kuma tuna iskar hunturun Kano da mutum zai yi gudu da asuba jikinsa wasai. Ina kewar wannan iska ƙwarai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kullum ina ganin wannan darasi da idona a kasuwar Mile 12. Idan motar albasa ta iso daga Arewa, yaron da ya fara sauke buhu da gudu don ya burge mutane ba shi ne yake kaiwa azahar ba, kuma masu kaya sun san wanda suke kira idan mota uku ta jeru. 'Yan dambe ma sun san cewa turmi na farko ba shi ne dambe ba. Na san duk wannan, amma da na zauna gaban waya sai na riƙa gina ƙungiyar turmin farko.

Saboda haka ga gargaɗina ga duk wanda yake irin wannan wasa. Kada ka jira sai ka kai wasannin ƙarshen kaka sannan ka tuna da juriya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Mako ɗaya ba zai gyara abin da ka yi watanni kana sakaci da shi ba. Idan kuma salonka na gudu ne, ko kana matsa wa abokan hamayya tun daga bakin kwandonsu kamar yadda nake yi, to kai ne ka fi kowa buƙatarta, don kai kake ƙona ƙarfin yaranka da hannunka. Ka kuma yi hattara da tsohon ɗan wasa mai arha da za ka gani a kasuwa, jifansa kamar na aljani amma juriyarsa a ƙasa. Na sayi irinsa a bara, kuma rabin wasa kawai nake mora daga gare shi alhali albashin wasa cikakke nake biya.

Akwai kuma wani kuskure da na kusa tafkawa daren jiya cikin fushi, wato in mayar da horon makonni huɗu masu zuwa duka kan juriya. Yayana ne ya hana ni, ya tuna mini cewa matasa sun fi saurin koyo tun suna ƙanana, kuma makon da ya wuce su ba ya dawowa. Ya kuma nuna mini cewa rabin matsalata benci ce: mutum biyar na dogara da su, su ne a wasannin lig biyu na mako, su ne kuma a wasan kofi, alhali mintunan da suka yi wa ɗan wasa yawa a mako suna rage masa kuzari ko da juriyarsa ta kai ko'ina.

Yanzu dai na canza horon wannan mako zuwa juriya, na kuma rubuta a bangon ɗakina cewa zan maimaita shi duk bayan mako biyar. Na sa tsohon nan a kasuwa, kuɗinsa zan nemi matasa biyu masu tsaron baya da su, kuma a wasan sada zumunta mai zuwa 'yan benci ne za su fara. Ƙungiyar da ta doke mu za ta zo gidanmu a zagaye na biyu, kuma ranar in Allah ya yarda a ɗaki zan kalli wasan, ba a kan gada ba, kyamara a kunne tun daga zango na farko.