Fako ba ya farfaɗowa a rana guda: lacca kan yanka babban aiki kashi-kashi

An gabatar da wannan lacca a gaban matasa da ɗalibai a birnin Tawa, an kuma rubuta ta daga faifan muryar da aka ɗauka.

Assalamu alaikum. Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, ina neman izininku. Ƙannena da ƴaƴana, da ku zan yi yawancin maganar.

Zan fara da fako, domin babu ɗan Adar da bai san shi ba. Ƙasa ce da ta ƙeƙashe ta yi tauri, ruwan sama ya sauka a kanta ya gudu bai shiga ba. Idan aka tsayar da mutum a bakin hekta guda ta fako aka ce ya mayar da ita gona, gwiwarsa za ta yi sanyi kafin ya ɗaga diga, saboda abin da aka ɗora masa ba shi da mafari a ido. Amma masu aikin raya ƙasa a jiharmu sun saba da wani lissafi: hekta guda tana cin rabin wata 313, wato ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata. Idan mutum yana haƙa uku a yini, mutum 15 za su gama hektar cikin kwana bakwai. Fakon yana nan yadda yake, taurinsa bai ragu ba, sai dai yanzu kowa ya san abin da zai yi da safe, ya kuma san lokacin da zai saɓa digarsa ya tafi gida.

Wannan shi ne sharaɗi na farko. A yi ta yanka aiki har sai an kai ga kashin da mutum ɗaya zai iya farawa ya gama a yini, wanda kuma wani zai iya zuwa ya duba ya ce an gama. Ɗalibin da ya rubuta a takardarsa cewa zai yi kundin kammala karatu bai yanka komai ba, buri kawai ya rubuta. Wanda ya ce gobe bayan sallar asuba zai rubuta shafi biyu a kan yadda ya zaɓi ƙauyukan bincikensa, shi ne ya sami abin kamawa. Makarantar allo ta riga mu sanin haka. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, wato sumuni 480, kuma malam ba ya barin almajiri ya wanke allo sai ya biya abin da ke kai ba gargada. Karatun yana da iyaka, yana da mai dubawa, yana kuma da alamar gamawa da ido ke gani.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda na fi so ku tafi da shi, domin a nan ne na ga mutane masu hankali suna asara. Ya kamata kowane kashi ya zama mai amfani shi kaɗai, ko da sauran aikin ya tsaya. Ku dubi tassa, wadda manoman Illela da Badagishiri na nan jiharmu suka rungume ta tun ƙarshen shekarun 1980. Rami ne ɗan ƙarami, a tara ƙasarsa ta gefen gangare, a zuba masa taki, gara ta zo ta huda ƙasar, ruwa ya sami hanyar shiga. Manomin da ƙarfinsa ya ƙare bayan ya haƙa rubu'in gonarsa zai girbe hatsi a wannan rubu'in, ya ci, ya ƙara wani rubu'in baɗi. Yanzu ku zaga unguwanninmu ku ƙirga gine-ginen da suka tsaya iya taga. Mai gida ya zuba harsashin ɗaki shida, ya ɗaga bango gaba ɗaya, kuɗi suka yanke, damina ta yi ta dukan tubali shekara da shekaru, shi kuwa yana biyan haya. Da ya gama ɗaki biyu da bayan gida ya rufa ya shiga, da kuɗin hayar ne suka sayi simintin ɗaki na uku. Ni kaina na yi wannan kuskure a wani aikin rubutu, na buɗe babi bakwai lokaci guda, bayan shekara biyu babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa mai karatu, kuma har yau shekarun nan suna yi mini ciwo.

Sai maganar jeri. Akwai kashin da ba ya yiwuwa sai an gama wani, kuma wanda bai lura da wannan ba zai yi wahala sau biyu. Aikin raya ƙasa na Keita, a nan jiharmu, wanda aka fara a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗauki kwari-kwari ne, ya haɗa aikin saman dutse da na gangare da na ƙorama, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Dalilin jerin a fili yake: idan aka gina madatsa a ƙasa alhali ba a rage gudun ruwa a sama ba, yashi ne zai cike ta, ko ambaliya ta fasa ta. Injiniyoyin Amurka sun tsara wannan tunani a takarda a ƙarshen shekarun 1950, inda suke zana kowane kashi da abin da yake jira, su gano jerin da jinkirinsa ke jinkirta aikin duka. Manomi yana yin lissafin nan da ka. Ya san dole a kai taki gona tun da rani, a haƙa rami kafin ruwan fari, domin damina ba ta jiran wanda bai shirya ba.

Akwai wuce gona da iri, kuma ina ganinsa a ofisoshi. Za a shafe mako uku ana zana jadawali a kwamfuta, ana yi masa launi, ba a taɓa aikin ba. Watan da ke gabanka shi ne za ka yanka ƙanana, na nesa kuwa ka bar shi manya-manya, domin abin da za ka koya a makon farko zai canja rabin tsarinka. Haka kuma a aikin gayya ko na ƙungiya, kowane kashi a rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa tare da ranar da zai kawo shi. Idan aka ce na kowa ne, ranar taro za a tarar kowa yana jiran ɗan'uwansa.

An raba muku takarda a ƙofa. Kowa ya rubuta aikin da ya daɗe yana ɗagawa, a ƙarƙashinsa ya rubuta kashin da zai gama gobe kafin azahar, da sunan wanda zai nuna wa. Ina ba ku minti biyar, sannan mu karɓi tambayoyi, mu fara daga ɓangaren mata.