Abin da kyamara ba ta gani: lacca kan shirya fina-finan kimiyya da tarihi

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamai, ɗalibai da sauran jama'a, na gode da kuka ba ni aron hankalinku. An nemi in yi magana a kan yadda ake shirya fina-finan gaskiya, waɗanda ake kira dokumentari, na kimiyya da na tarihi, musamman waɗanda ake yi wa gidajen talabijin na al'umma. To bari in fara da matsalar da ta fi damun duk mai wannan sana'a.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mai kallo yana iya musun abin da ka faɗa masa, amma da wuya ya musa abin da ka nuna masa. Nan ƙarfin sana'ar yake, nan kuma haɗarinta. Domin mafi yawan abin da mai shirin kimiyya ko tarihi yake son nunawa, kyamara ba ta ganinsa. Na kimiyya ko ya yi ƙanƙanta, ko ya yi nisa, ko yana tafiya a hankali cikin shekaru miliyoyi. Na tarihi kuwa ya riga ya wuce. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto, hoto mai motsi kuma sai wajen 1895. Duk abin da ya faru kafin nan, babu wanda ya ɗauka. Amma ga minti hamsin an ba ka, kuma allon ba zai zauna baƙi ba. Me za ka sa a wurin?

Ku ɗauki Mansa Musa, sarkin Mali da ya tafi aikin hajji a 1324. Kusan duk shirin da ya taɓo shi, hoto ɗaya ake nunawa: sarki a zaune da kambi, riƙe da curin zinariya. Zanen nan daga wata taswira yake da aka yi a tsibirin Mayorka wajen 1375, bayan rasuwar sarkin da shekaru masu yawa, kuma wanda ya zana shi bai taɓa ganinsa ba. Idan ka ɗora zanen a allo ka yi shiru, mai kallo zai tashi da cewa haka Mansa Musa yake. Idan kuwa muryar mai bayani ta ce ga yadda masu zanen taswira na Turai suka suranta shi, ka ba mai kallo ilimi biyu: labarin sarkin, da kuma yadda sunansa ya ƙetare teku. Jimla ɗaya ce tak ta raba su.

Haka a kimiyya. Hoton ƙwayar cutar korona da kowa ya sani, mai launin toka da jajayen ƙayoyi, zane ne da masu zane na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka yi a 2020. Na'urar da ke iya hango ƙwayar ba ta fitar da launi ko kaɗan. Baƙin ramin sararin samaniya ma, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓuta daga jansa, duk abin da aka riƙa nunawa a talabijin kafin watan Afrilun 2019 zanen kwamfuta ne, sai a lokacin aka fitar da hotonsa na farko. Zane ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi hoton ainihi koyarwa. Abin da nake roƙo shi ne a rubuta a gefen allo cewa zane ne.

Akwai wanda ya warware wannan matsala da kyau ƙwarai. Yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, an yi shi lokacin da akwai hoto amma babu mai motsi. Ken Burns, a shirinsa mai kashi tara da PBS, tashar talabijin ta al'umma a Amurka, ta nuna a 1990, bai tara 'yan wasa ya sa musu kakin soja ba. Ya ɗauko tsofaffin hotuna, ya sa kyamara tana tafiya a kansu sannu a hankali, daga takalmin soja zuwa fuskarsa, ana karanta wasiƙun da sojojin suka rubuta wa iyalansu. Mutum kusan miliyan 40 suka kalla. Ya shafe fiye da shekara biyar yana aikin, kuma ina so ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga kuma inda aka yi tuntuɓe. A 2011 BBC ta nuna shirin Frozen Planet, wanda David Attenborough ya yi wa bayani. A ciki an ga farar beyar ta yankin ƙanƙara da jariranta a cikin rami. Daga baya jama'a suka gane a wani gidan namun daji na ƙasar Holan aka ɗauki wurin. Masu shirin suna da hujja: shiga ramin a daji zai iya halaka jariran ko mai kyamarar, kuma sun bayyana hakan a shafinsu na intanet. Amma ba su faɗa a cikin shirin ba, sai mutane suka fara tambayar sauran abin da suka gani. A ganina hujjarsu ta ɗaukar hoton mai ƙarfi ce, ta yin shirun ce ba ta da ƙarfi.

Yanzu ku biyo ni ɗakin tace hoto, domin a can ake yin ɓarnar da ba mai kamawa. Ka zauna da masaniya awa biyu, abin da zai shiga shirin bai fi daƙiƙa arba'in ba. Ta ce: "Wataƙila, bisa abin da muka tono zuwa yanzu, fari ne ya tashi garin nan." Mai tacewa ya duba agogo, ya yanke "wataƙila", ya yanke "bisa abin da muka tono zuwa yanzu", ya rufe wurin yankan da hoton busasshiyar ƙasa don kada a ga kanta ya yi tsalle. Abin da ya rage: "Fari ne ya tashi garin nan." Muryarta ce, kalmominta ne, amma ba maganarta ba ce. Wallahi wannan ya fi ba ni tsoro a kan kowane zanen kwamfuta, saboda kimiyya da tarihi duk a kan wannan "wataƙila" suke tsaye. Shi ya sa gidajen da suka san aikinsu suke ajiye mai tantance bayanai, ya bi rubutun layi-layi yana neman madogarar kowace jimla, a kuma koma wa masanin a tabbatar ba a juya masa magana ba.

Duk wannan lokaci yake ci, lokaci kuwa kuɗi ne ake biya. Tashar da ke rayuwa da talla ba kasafai take jiran mutum shekara biyar ba. A Birtaniya kuɗin lasisin kallon talabijin da magidanta ke biya ne ke riƙe BBC, shi ya ba shirin kimiyya na Horizon damar tsayawa tun 1964. A Amurka dokar 1967 ce ta share hanyar PBS, aka haɗa tallafin gwamnati da na gidauniyoyi da gudummawar masu kallo, sannan a 1974 tashar WGBH ta Boston ta fara shirin kimiyya na NOVA, tana koyi da Horizon.

Na ga wani yana girgiza kai, na san tambayarsa: wanda ya biya ai shi ke da magana. Tambaya ce mai kyau. A 1986 Farfesa Ali Mazrui na Kenya ya gabatar da The Africans, kashi tara, haɗin gwiwar BBC da tashar WETA ta Washington. Hukumar gwamnatin Amurka da ta sa kuɗi a ciki ta fusata, shugabarta Lynne Cheney ta ce shirin sukar ƙasashen Yamma ne, ta sa aka cire sunan hukumar daga jiki. An cire sunan, amma an nuna shirin. Da gidan talabijin ɗin na gwamnati ne kawai, shirin za a cire.

Abu na ƙarshe, ga masu niyyar shiga aikin: haƙƙin mallaka. Shirin Eyes on the Prize na Henry Hampton, tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka, ya fito a 1987. Tsofaffin hotuna da waƙoƙin da ke cikinsa an sayi izininsu ne na 'yan shekaru, saboda kuɗin bai kai a saya na dindindin ba. Da wa'adin ya cika sai shirin ya ɓace daga talabijin shekara da shekaru, har sai da aka tara kuɗi aka sabunta izinin, ya dawo a 2006. Saboda haka tun ranar da kuke tsara kasafi, ku buɗe rajista: kowane hoto, wa ya mallake shi, izinin shekara nawa ne, a waɗanne ƙasashe, kuma ya haɗa da intanet ko talabijin kaɗai.

Shugaban taro ya nuna mini agogo. A kawo tambayoyi, mu fara da ɗan'uwan nan da ya girgiza kai.