Cike Gurbi a Hoto: Ban-Ruwa, Yaɓe da Faci

Wannan lacca ce da aka gabatar wa matasa masu shagunan kwamfuta da masu ɗaukar hoto a garin Kura ta jihar Kano. An kwafo ta daga rikodin na waya, an rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayenmu da ke gaba, Allah ya ƙara girma. 'Yan'uwa masu sana'a, sannunku da zuwa.

Aiki uku ne ke yawan shigowa shagunanku. Ɗalibi ya kawo fasfo yana so a mayar da bayansa fari. Amarya ta aiko hoton biki tana so a cire wani yaro da ya leƙo ta bayan ango. Sai dattijo ya zaro hoton mahaifinsa daga aljihu, ya karye a tsakiya, gara ta ci kusurwa guda. Dukansu cike gurbi ne, amma kowanne da hanyarsa. Abin da nake so mu fara daidaitawa a kai shi ne, kwamfuta ba ta dawo da abin da ya ɓata. Ko dai ta zuba launin da ka ba ta, ko ta aro daga wani gefen hoton, ko ta yi hasashe.

Hoto a kwamfuta ɗigo-ɗigo ne, abin da ake kira fiksel. Hoton waya mai faɗin 4000 da tsawon 3000 yana da ɗigo miliyan 12. Kowane ɗigo lamba uku ce, ta ja da ta kore da ta shuɗi, kowacce daga 0 zuwa 255. Kwamfuta ba ta san bango ba, ba ta san hula ba, lambobin nan kawai take gani.

Mu fara da bokitin fenti, wato kayan aikin zuba launi da ke cikin manhajar gyaran hoto. Ku mutanen Kura ba sai an yi muku dogon bayani ba, tun da kun san ban-ruwa. Ka buɗe wa ruwa hanya ya shiga fangali, zai bi ko'ina har sai ya ci karo da kunya. Haka bokitin yake. Ka latsa ɗigo ɗaya, manhajar ta riƙe launinsa, ta duba maƙwabtansa. Wanda ya yi kama da shi ta shafa masa fenti ta wuce kan nasa maƙwabtan, wanda ya saɓa ta tsaya a nan.

Su wane ne maƙwabta? Wata manhajar huɗu take ƙirgawa: sama, ƙasa, dama, hagu. Wata takwas, ta haɗa da na kusurwa. Idan layin da ya kewaye wurin siriri ne, kaurin ɗigo ɗaya, kuma ya tafi a karkace, mai ƙirga takwas za ta sulale ta tsakanin kusurwoyin ɗigon, fenti ya malale hoton gaba ɗaya, kamar ɓera ya huda kunya. Maganinsa ka ƙara wa layin kauri ya kai ɗigo biyu, ko ka zuƙo hoton ka nemo kafar ka toshe.

Sai maganar kama. Bangon da idonka ke gani fari, wani ɗigonsa 240 ne, na kusa da shi 231, wanda inuwa ta taɓa 205. Shi ya sa akwai lambar sassauci, wadda Photoshop ke kira Tolerance, yana kuma zuwa da ita a kan 32. Ma'anarta, duk ɗigon da tazararsa da na farko ba ta wuce wannan adadi ba, a ɗauke shi a matsayin ɗan gida. Ka rage ta zuwa 10, bango zai fito da dabbare-dabbare. Ka kai ta 80, farar shaddar mai hoton za ta tafi tare da bangon. Gara ka tsaya tsakanin 20 da 30 ka riƙa ƙarawa wuri-wuri da ka zabga babbar lamba sau ɗaya. Mafi alheri ma, tun wajen ɗauka kada ka tsayar da mai farin kaya a jikin farin bango, kuma ya matso taku biyu daga labule don inuwa ta faɗi ƙasa.

Akwai wani aibi da kwastoma ke gani ko da bai san sunansa ba: zaren shuɗi da ke kewaye hijabi bayan an cire shuɗin labule. Dalili shi ne ɗigon da ke kan iyaka gauraye ne, rabi hijabi rabi labule, don haka bokiti bai yarda nasa ba ne. Hoton JPEG yana ƙara dagula abin, domin yana matse hoto ne a murabba'ai na ɗigo 8 sau 8, ya bar ƙura a gefen kowane layi. Ka faɗaɗa shacin bangon da ɗigo 1 ko 2 ya ɗan ci cikin mutumin, ka tausasa bakinsa da rabin ɗigo zuwa ɗaya, sannan ka zuba farin a wata leya daban, wato wani shimfiɗin hoton, a ƙarƙashi.

Ga masu koyon rubuta manhaja a cikinku, na ga biyu ko uku: kada ku rubuta bokitin da ke kiran kansa a kan kowane ɗigo. Harshen manhaja na Python yana tsayar da irin wannan kira idan zurfinsa ya kai wajen 1000, alhali ɗan murabba'i mai 32 sau 32 ma ɗigo 1024 ne. Ku ajiye ɗigon da ke jiran dubawa a jeri kuna cira ɗaya-ɗaya, ko ku cike layi guda har ƙarshensa kafin ku leƙa na sama da na ƙasa.

Hanya ta biyu yaɓe ce. Magini idan ya ga tsaga a katanga, laka yake ja daga gefe da gefe ya shafe bakin. A shekarar 2000 Marcelo Bertalmio da abokan aikinsa suka fitar da dabarar da ke jan launi daga bakin rami zuwa cikinsa, tana bin alƙiblar layukan da suka iso wurin. A 2004 Alexandru Telea ya kawo mai sauri: a fara cike ɗigon da ke bakin rami, a riƙa matsawa ciki, kowane ɗigo ya samu launinsa daga sanannun ɗigon da ke kusa, mafi kusa ya fi nauyi. Irin waɗannan dabaru biyu suna cikin OpenCV, wata taskar manhajar sarrafa hoto, kyauta ce. Bayan ka zaɓi dabarar, abu uku take nema: hoton, da shacin rami fari a kan baƙi, da nisan da za ta riƙa dubawa, wanda ɗigo 3 zuwa 5 ya isa.

Mu ɗauki hoton dattijon nan. Ka goge gilashin sikana, ka kwafe shi a ɗigo 600 kowane inci, a launi, ko da baƙi-da-fari ne, domin tabon ruwa ya fi rabuwa da hoton idan akwai launi. A wannan awo milimita ɗaya ɗigo 24 ce, wato karayar da ta kai rabin milimita ɗigo 12 ce. To a nan ne mutane ke kuskure. Suna zana shaci daidai kan karayar, su manta cewa bakinta farar takarda ce da ta kware. Manhaja kuwa daga baki take ja, sai ta jawo farin ta cika ramin da shi, a ga karayar tana nan ta dai dushe. Ka faɗaɗa shacin da ɗigo 2 ko 3 kowane gefe har ya hau lafiyayyen wuri.

Yaɓe na da iyaka. Matsakaicin lambobi yake lissafawa, matsakaici kuma ba shi da zane. A kan sararin sama ko kunci zai yi kyau. A kan atamfa ko aikin wuyan babbar riga, da ramin ya yi faɗi za ka ga wuri ya yi sulɓi kamar an shafa man shanu. Ƙura, ƙarce, siririyar karaya, wayar lantarki da ta ratsa sama: nan ne gidansa.

Babban rami sai faci, irin na tela. A 1999 Efros da Leung suka nuna cewa za a iya shuka zane ta hanyar neman wurin da ya yi kama a cikin hoton kansa. A 2004 Criminisi da Pérez da Toyama suka gyara ta don cire abu daga hoto. Ana ɗaukar ɗan murabba'i, 9 sau 9, a bakin rami, rabinsa sananne rabinsa fanko. Sai a zaga hoton a nemo murabba'in da ya fi dacewa da sanannen rabin, a kwafo shi a cike fankon. Basirar da suka kawo ita ce wa za a fara cikewa. Idan ka bi baki kana zagayawa kamar ɓare albasa, layin da ya raba katanga da ƙasa zai iso tsakiyar rami a karye. Su sai suka ce a fara da inda layi mai ƙarfi ya doki ramin, kuma inda sanannun ɗigo suka fi yawa. A haɗa ƙashi tukuna, nama ya biyo baya.

Matsalarta jinkiri, domin kowane faci sai an gwada shi da hoton duka. A 2009 masu bincike daga jami'ar Princeton da kamfanin Adobe suka fito da PatchMatch. Kowane faci a fara ba shi amsa ta caca. Cikin dubbai, wasu za su dace. Wanda ya dace sai ya sanar da maƙwabcinsa, tun da idan facina ya samu ɗan'uwansa a can, naka ma wataƙila yana gefensa. Sannan kowa ya ɗan lalubi kewayen amsarsa ko zai samu mafi kyau. Zagaye kamar biyar ya wadatar. Wannan ne ke ƙarƙashin Content-Aware Fill da ya shigo Photoshop CS5 a 2010. Mai manhajar gyaran hoto ta GIMP kuma yana da Resynthesizer, wanda shi ma aron zane yake yi.

Yanzu ga hoton amarya. Ka shata yaron da tazarar ɗigo 5 zuwa 10, kuma ka haɗa da inuwarsa. Sau nawa ake cire mutum a bar inuwarsa tsaye a jikin bango? Sannan ka hana manhaja aro daga inda bai kamata ba. Sababbin Photoshop suna nuna wurin aro da kore, sai ka goge koren daga kan fuskoki da kaya, in ba haka ba ka tarar da rabin kunnen ango a jikin katanga. Babban rami ka raba shi gida uku ko huɗu, ka fara da inda layi ya ratsa. Bayan nan ka ja baya ka nemi maimaici: dutse guda ya fito sau uku, ko tsagar bulo iri ɗaya a jere. Ido na saurin kama wannan, sai ka ɓata ɗaya da hatimin kwafi, kayan aikin da ke kwafo wani gefen hoto ya liƙa a wani. Tabarma na da wuyar sha'ani, domin saƙarta tana ƙanƙancewa yayin da take nisa da kyamara. Ka aro daga gefe a kan layi ɗaya, kada ka aro daga gaba ka kai baya.

Idan zane ya dace amma haske ya saɓa, burushin warkarwa, wato Healing Brush, ne maganin. Yana ɗaukar zane daga inda ka aro, launi da haske kuma daga bakin inda ka liƙa. Saboda haka ne idan ka matso kusa da baƙin gashi yake jawo baƙin ya yi dameji. Ka shata wurin tukuna ka fitar da gashin daga ciki.

Hanya ta ƙarshe ita ce ta ƙirƙirarriyar basira, irin Magic Eraser da Google ya sa a wayar Pixel 6 a 2021, da Generative Fill na Photoshop a 2023. Waɗannan ba aro suke daga hotonka kawai ba, sun koyi kamannin abubuwa daga ɗimbin hotuna, sai su zana abin da ya dace da wurin. A bango da bishiya da sama sun fi duk na baya. Sai dai ana yawan zana cikon a ƙaramin awo, samfurin zana hoto na Stable Diffusion na farko ma a 512 sau 512 aka horar da shi, don haka wurin kan fito ya fi sauran hoton laushi. Ka yi aiki ƙanana-ƙanana, ka ƙara masa ɗan tsakin ƙura kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ya saje da tsohon hoto. A fuska kuwa, ni ra'ayina a yi nesa da su. Tsagar gado da ke kuncin dattijo a wurinsu ƙarce ce, shafe ta za su yi. Aikin hular zanna su mayar da shi wani zane da ba a taɓa ɗinkawa ba, rubutun allo ya koma ƙarce-ƙarcen da ba ya karantuwa. Takardar shaida ko sakamakon jarrabawa kuma, cike gurbi a kansu jabu ne, ba gyara ba.

Wajen ajiya, asalin hoton kada a taɓa shi, gyara a leya ta sama. Ku riƙa ajiyewa a PSD ko TIFF, nau'in fayil ɗin da ke riƙe leya, kuna tafe, tun da wuta ba ta sallama in za ta tafi. JPEG sau ɗaya, a ƙarshe, domin duk sake ajiyewa yana ƙara cin hoton. Kwastoma kuma ya turo ta WhatsApp a matsayin fayil, kada ya turo a matsayin hoto, don kada a matse shi.

A nan wani matashi daga baya ya ɗaga hannu ya ce: Malam, Allah ya gafarta, idan gara ta cinye ido ɗaya fa?

Tambaya mai kyau, ƙanena. Ka kwafo lafiyayyen idon ka juya shi hagu zuwa dama, ka ɗora a wata leya, ka daidaita shi da layin hanci da gira. Amma ka lura, haske ma ya juya tare da shi. Ɗan ƙyallin da ke cikin ƙwayar ido dole ya zauna gefe ɗaya a idanu biyun, don haka ka goge shi ka mayar da shi inda na ɗaya idon yake, inuwar fatar ido ita ma ka gyara. Idan fuskar a karkace take, idon da ke nesa ya fi ƙanƙanta, sai ka ɗan matse faɗinsa. Idan kuwa duka biyun sun tafi, ka tambayi iyalan ko akwai wani hotonsa, ko na tsohon katin zaɓe ne, ka aro daga can. In babu, ka gyara rigar da bangon, ka bar wurin yadda yake, ka gaya musu dalili kafin su biya.