Akwatin Kifi Ba Yashi Ba Tsakuwa: Yaya Za a Yi Ya Ƙawata Falo?

An gabatar da wannan lacca a wani zama na masu sha'awar kifin ado a Agege, Legas. An naɗe ta a waya, sannan aka rubuta ta kusan kamar yadda aka faɗe ta.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu da ke zaune a gaba, malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da yamma. Waɗanda suka taso daga Idi-Araba da Obalende da Mile 12, sannunku da gosulo, Allah ya ba da ladan zumunci.

An ce in yi magana a kan akwatin kifi na gilashi, wanda wasu ke kira akwariyum, amma irin wanda ba a zuba wa yashi ko tsakuwa a ƙasansa. Gilashi tsirara, sai ruwa, sai kifi. Na san abin da ake faɗa a kansa, don a gidana ma an faɗa mini. Ranar da na kwashe tsakuwar nawa, uwargida ta tsaya ta dube shi ta ce, "Malam, wannan da bahon mai sayar da tarwaɗa mene ne bambancinsu?" Ban iya ba ta amsa a ranar ba.

Bari in fara da abin da ya sa na kwashe. Ni mutumin Yauri ne, a bakin Kwara na tashi, don haka da na zo Legas na ga ana ajiye kifi a falo don kallo kawai, sai abin ya ba ni dariya, daga baya kuma ya kama ni. Na sayi akwati mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45. Ku lissafa, lita 182 ke nan, jarka bakwai mai lita 25 da ɗan ɗori. Kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce. Na zuba masa tsakuwa mai launi-launi, ja da shuɗi da kore, zurfin kamar santimita 5, wadda ita kaɗai ta kusa kilo 30. Wata shida ban taɓa ta ba, sai dai in rage ruwa daga sama in ƙara sabo. Rannan na ce bari in gyara zaman wani dutse, na sa hannu na motsa tsakuwar. Wallahi abin da ya taso, kamar an buɗe kwatar bayan gida bayan ruwan sama. Kashin kifi da ragowar abinci na wata shida, duk suna kwance a ƙasa suna ruɓewa, ni kuwa ina kallon sama ina cewa ruwana garau. Kafin gari ya waye na rasa kifi huɗu.

To, wannan shi ne amfanin ƙasa tsirara: ba ta ɓoye maka komai. Kashi ya faɗi, ka gan shi, ka sa tiyo ka zuƙe shi cikin minti biyu. Shi ya sa masu ƙyanƙyasar kifi da masu jinyar kifi mara lafiya suka fi son ta. Matsalarta ɗaya, ido ba ya jin daɗinta. Wannan za mu gyara yau.

Ku tuna ɗakin amarya a can gida, musamman na da. Ina ake jere? A bango. Kwalla da samira da tasoshi an ɗora su ɗaya kan ɗaya har kusa da rufi, gado a gefe da labulensa. Ƙasa fa? Daɓe ne, an share shi tas, yana ƙyalli. Ba wanda ya taɓa shiga ya ce ɗakin nan babu ado don ba a barbaza kwanuka a tsakar ɗaki ba. Haka za ka ɗauki akwatinka. Adon ya koma bango da sama, ƙasa kuma a bar ta a share. Kuskuren da mutane ke yi, sai su kwashe tsakuwa, su ga wurin ya yi fili, su rama da tarkace: gidan roba, kwarangwal na roba, furen roba. Sun dawo da maɓoyar datti ke nan, kyaun kuma bai samu ba.

Abu na farko shi ne daɓen kansa. Gilashin ƙasa in ba a rufe shi ba, kana hango katakon teburi da wayar lantarki ta cikinsa, kuma daga cikin ruwa yana zama kamar madubi. Kifi yana ganin ƙyalli daga ƙasansa, wasu su yi ta firgita, su ƙi sakewa. Maganinsa fenti. Amma ku saurare ni da kyau, a waje ake shafawa, ta ƙarƙashi, ba ta ciki ba. Ka zubar da ruwa, ka kifa akwatin a kan bargo, ka goge gilashin ya bushe, ka shafa sau biyu ko uku, kana barin kowane shafi ya bushe. Wane launi? Na gwada baƙi, yana da kwarjini, amma duk ɗan farin datti sai ya fito kamar gari a baƙar riga, kuma wasu kifayen sukan ƙara duhu su bi launin wurin. Fari kuwa ya fi tonon asiri, ga shi yana sa falo ya yi kama da asibiti. Ni na tsaya a kan launin yashi, irin na bakin kogi da rani. Daga nesa baƙo zai rantse rairayi ne. Wanda akwatinsa ya riga ya cika da ruwa, kada ya ce zai ɗaga shi ya cusa takarda, kilo 180 ba abin wasa ba ne, gilashi zai tsage. A jira ranar babban wanki. Kuma kafin a mayar da shi kan teburi, a shimfiɗa masa farin soson nan da ke zuwa a kwalin talabijin, don ɗan tsinin ƙusa ko ƙwayar yashi kada ta fasa shi.

Wasu suna shimfiɗa tayil a ciki. Yana da kyau, ban hana ba, amma datti yana shiga ƙarƙashinsa. Ko dai ka liƙe gefensa da silikon, wato gam ɗin da ake haɗa gilashin akwatin kifi da shi, ko ka yarda za ka riƙa ɗaga shi kana sharewa.

Bangon baya kuwa, nan ne baƙi ke da rana. Baƙin kwali ko baƙin fenti daga waje, shi ke nan. Waya ta ɓace, tiyon iska ya ɓace, launin kifi ya fito. Hotunan nan da ake sayarwa na murjanin teku, ka liƙa a bayan kifin ruwan daɗi, ni dai a wurina kamar a sa wa raƙumi takalmin ƙwallo ne.

Yanzu mu zo kan jere. Babban abin da ke tsaye a tsakiyar adon nan icce ne. Saiwa ɗaya mai rassa, busasshiya ƙayau, wadda za ta taɓa ƙasa a wuri biyu ko uku kacal, sauran jikinta ya miƙe sama. Dalili, ruwa ya riƙa bi ta ƙarƙashinta yana kore datti. Kada ka dasa ta a tsakiya daidai kamar sandar tuta, ka matsa da ita gefe ɗaya, ka bar ɗaya gefen fili kifi ya yi iyo. In daga bakin lagun ka tsinto ta, ka sani ta sha gishiri, wataƙila har da baƙin mai. Ka kankare ta, ka tafasa in za ta shiga tukunya, ka jiƙa ta a baho mako biyu ko uku kana sauya ruwa, har ta daina tasowa sama. Za ta ɗan rina ruwan ya yi kamar shayi marar ƙarfi. Wannan ba cuta ba ce, kifayen rafukan daji a irin ruwan suke rayuwa. Mai fenti ko wadda aka yi wa feshin maganin gara, kada ma ka kusance ta.

Dutse kuma, biyu ko uku manya sun fi ƙanana ashirin. Ka ɗiga masa ruwan kal, in ya yi kumfa yana da farar ƙasa a jikinsa, zai sauya maka ruwa, ajiye shi. Kuma a hankali ake sauke dutse, tunda babu yashin da zai tare shi.

Sai wani ya ce, tsiro fa, ina za a dasa shi ba ƙasa? Nan ne abin ya yi mana daɗi, don mafi dacewar tsiron ma namu ne na nan yankin. Sunansa Anubiyas. A rafukan dajin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yake fitowa, har da kudancin Nijeriya da Kamaru, yana manne a jikin dutse da icce a inuwa. Wanda ya fi yawa a kasuwa ana ce masa barteri, sunan wani Bature mai tattara tsirrai, Charles Barter, wanda ya biyo tawagar wani Bature mai bincike, William Baikie, ta kogin Kwara a 1857, ya mutu a Raba ta ƙasar Nufe a 1859. Kun ga, abin da ke bayan gidanmu, yau ana nomansa a ƙasashen waje ana sayar wa duniya. Yana da wani kauri a gindinsa kamar ɗanyar citta. In ka binne wannan kaurin, ruɓewa zai yi. Ɗaure shi ake yi a jikin icce da zaren ɗinki baƙi, cikin 'yan makonni jijiyoyinsa su kama da kansu. Ba ya son haske da yawa, ba ya saurin girma, kuma ganyensa da tauri, kifi ba ya cinye shi da sauƙi. Akwai Bolbitis, shi ma ɗan Afirka ne, da wani da ake kira fan na Jaba daga kudu maso gabashin Asiya, duk haka ake ɗaure su.

In kuma kana son tsiro mai buƙatar ƙasa, ga kaskon yumɓu. Ƙaramin kasko marar fenti, a cika shi da yashi, a dasa a ciki, a ajiye a kusurwa. Ranar shara ka ɗaga shi ka zuƙe ƙarƙashi ka mayar. Ƙaramar tukunyar ƙasa kuma in ka kwantar da ita a gefenta, ta zama kogo. Akwai wani kifi na rafukan kudancin ƙasar nan da ake kira kiribensis, macen tana da jan ciki, a irin wannan kogon suke saka ƙwai. Jan yumɓu a gaban baƙin bango, da koren ganye a gefe, ni ban ga robar da ta kai shi kyau ba.

Ba kowane kifi ke son ƙasa tsirara ba, gara in faɗa muku. Masu tonon ƙasa da gashin baki, irin su koridoras, da kifin nan mai dogon haɓa kamar haƙon giwa da ake samu a Kwara, waɗannan yashi mai laushi suke so, hana su zalunci ne. Amma kifin malam-buɗe-littafi, shi ma namu ne, a saman ruwa yake rayuwarsa, ina ruwansa da ƙasa? Sai dai a rufe akwatin, don yana tsalle. Kifin zinare ma ya dace, saboda yawan kashinsa, kuma yakan haɗiyi tsakuwa ta maƙale masa a baki. Sai dai shi ɗan ruwan sanyi ne, zafin Legas yana wahalar da shi, ruwa mai ɗumi kuma iskarsa ba ta da yawa, don haka a ba shi fili da kumfar iska sosai. Kuma iri ɗaya guda takwas suna tafiya tare sun fi kyau a kan iri takwas kowa da alƙiblarsa.

Akwai abin da ka rasa da ka kwashe tsakuwa, kada in ɓoye. Kashin kifi yana fitar da amoniya, guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke juya ta zuwa naitirayit, wasu su juya wannan zuwa naitiret mai sauƙin illa. A jikin abubuwa suke zama, tsakuwa na cikin gidajensu. Yanzu duk nauyin ya koma kan filta, wato matatar ruwan akwatin. Ka sami filtar soso babba, baƙa, ka ɓoye ta a bayan iccen nan. Sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin su kafu, don haka kada ka cika shi da kifi ranar farko. Ranar wanke soso, a cikin tsohon ruwan akwatin za ka matse shi, ba a ruwan famfo mai kulorin ba. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka sauya. Fitila kuwa awa shida zuwa takwas ta isa, kuma kada ka ajiye akwatin inda rana ke dukansa ta taga, in ba haka ba gansakuka za ta rufe maka daɓen da ka sha wahalar fentawa.

Na ga hannu a baya. Na'am, Hajiya?

Hajiya tana tambaya, in an ɗauke wuta fa? Hajiya, wannan ita ce tambayar Legas. Filtar soso da iska take aiki, kuma yanzu akwai ƙananan injinan iska da ake jona wa fawa bank na cajin waya. Ki ajiye ɗaya kusa. In wutar ta daɗe, ki rage ba su abinci, kwana ɗaya ko biyu ba ci ba zai kashe lafiyayyen kifi ba. In kin ga sun taru a sama suna haki, ki ɗebi ruwan da kofi ki riƙa kwararo shi daga sama.

Alhaji kuma ya ce yaran gidansa suna fesa maganin sauro a falo. Ranka ya daɗe, wannan ya fi ɗauke wuta haɗari, don maganin da ke kashe sauro yana kashe kifi, ɗan kaɗan ya isa. Kafin a fesa, a kashe injin iska don kada ya zuƙo maganin ya tura cikin ruwa, a lulluɓe akwatin da zane mai kauri, sai an buɗe tagogi warin ya fita sannan a yaye. In da hali ma a koma gidan sauro a wannan ɗakin.

Na ji an fara kiran magariba. Wanda ke son ganin yadda ake ɗaure Anubiyas, na zo da saiwa da zare a leda, bayan salla sai mu haɗu a nan bakin ƙofa.