Filin wasa na Surulere: hirarmu ta wannan mako

Abba: Jama'a assalamu alaikum. Tun da hotunan filin ƙwallon nan na Surulere da ke Legas suka fara yawo a guruf ɗinmu ake ta cewa sai mun yi magana a kai, to ga Kawu ga Ummi, bismillah Kawu.

Kawu: Wallahi Abba hotunan nan sun taɓa ni. Ciyawa ta cinye wuri, kujeru duk sun lalace, wai nan ne babban filin ƙasa da aka buɗe a 1972 zamanin Gowon, a nan aka yi wasannin Afirka na 1973. Ku yaran yanzu Abuja kuka sani, amma mu da an ce 'yan wasan ƙasa, Green Eagles, za su buga to Legas ne, kowa ya kama rediyonsa.

Ummi: A nan muka fara cin kofin Afirka ko Kawu?

Kawu: 1980, a watan Maris, muka ba Aljeriya uku da nema. Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ƙara ɗaya, Shagari da kansa ya miƙa wa Christian Chukwu kofi, aka ba 'yan wasa gidaje da motoci. Kuma a filin nan Sam Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa da Angola a watan Agusta 1989, bai tashi ba, yaro ɗan shekara 25, ai ko don shi kaɗai bai kamata a bar wurin nan haka ba.

Abba: Ni dai na 2000 ne ya tsaya min a rai, wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kamaru.

Kawu: Kai ƙwallon da Ikpeba ya buga a fenariti ta shiga!

Ummi: To ai shi ma kama kansa ya yi Kawu, shi ya sa alƙalin wasa...

Kawu: A'a 'yata, ta daki ƙarfen sama ta sauka bayan layi, duk wanda ya ga maimaici ya gani. Suna gaba da ci biyu, Eto'o da Mboma, muka farke, wannan ta Okocha daga nesa har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi, sannan a zo fenariti a hana mu abin da ya shiga?

Abba: Amma fa Kanu ma ya ɓarar.

Kawu: Gola ne ya tare ta Kanu, wannan daban. Ta Ikpeba ta shiga.

Ummi: Da akwai VAR, na'urar da alƙali ke duba maimaici, lokacin...

Kawu: Da ba a kai ga Rigobert Song ya buga ta ƙarshe yana murna ba, ko a kai ma da lissafin ya canza. Ta shiga, ko gobe aka tashe ni daga barci haka zan ce.

Abba: To Kawu me ya kashe filin, da ma nan muka ce za mu je.

Kawu: An gina na Abuja a 2003 kowa ya juya baya, ba gyara ba kulawa, mu gini muka iya, riƙo ne ba mu iya ba. Kuma ni tsorona kar filin Ahmadu Bello na Kaduna da namu na Ƙofar Mata su bi sahu, ai mu ma an buga wasannin 2000 ɗin a Kano.

Ummi: Abba lokaci fa, an kusa kiran magariba.

Abba: To na Kaduna sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku ci gaba da turo saƙonni. Mun gode.