Perik, daddawar masu shan lofe

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Ku yi haƙuri da hasken nan, a gareji nake, domin uwargida ta kafa doka tun bara cewa ganyen taba ba ya ƙetare ƙofar kicin. Nan Lezintin ne a jihar Kentaki ta Amurka, sanyi har cikin ɓargo. Yau tabar lofe zan nuna muku yadda nake haɗawa da wani irin ganyen taba da ake kira Perik. Kafin wani ya rubuto min wa'azi, na sani. Taba ba ta yi wa jiki alheri, ta lofe ma haka, kuma wanda bai taɓa sha ba kada ya fara saboda ni. A ƙasar nan ma tun ƙarshen 2019 ba a sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba. To, mun gama da wannan.

Bari in matso da kyamara. Wannan ganyen taba mai ruwan ɗorawa shi ake kira Bajiniya. Da ɗumin wuta ake busar da shi ba tare da hayaƙi ya taɓa shi ba, shi ya sa zaƙinsa ke zama a ciki. Idan ka shinshina kamar busasshen harawa da ɗan zuma. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1839, a wata gona a Karolina ta Arewa, wani bawa mai suna Stephen barci ya kwashe shi yana gadin wutar ɗakin shanya taba. Da ya farka ya ga wuta ta kusa mutuwa sai ya antaya mata gawayi, zafi ya tashi farat ɗaya, ganye ya fito rawaya shar. Masu gona suka yi arziki da abin, shi kuwa bawa sunansa kawai ya rage. Aibin Bajiniya ɗaya ne: yana ci da zafi, in ka yi gaggawar zuƙa sai harshenka ya yi kamar ka kurɓi kunu daga kan wuta.

Wannan mai launin ƙasa kuma Barli ne, ɗan gida. A iska ake shanya shi makonni, zaƙi kusan babu, amma yana da nauyi a ƙirji. Yakan tuna min da kakana da tabarsa gari, yadda yake marmasa kanwa a ciki don ta ƙara ƙarfi. Kusan dalilin ɗaya ne, hayaƙin Barli ya fi karkata ɓangaren kanwa, na Bajiniya ya fi karkata ɓangaren tsami, in ka gwama su sai kowanne ya rage wa ɗan'uwansa kaifi. Ga Latakiya can a kwalba, baƙi ƙirin, sunan wani gari ne na bakin teku a Siriya, ko da yake yawancin wanda ake samu yanzu daga tsibirin Saifurus yake zuwa. Turara shi ake yi da hayaƙin itatuwa masu ƙamshi. Yau ba da shi za mu yi ba, warinsa na kama riga kwana uku.

Ga wanda ya tara mu. Ku duba yadda yake naso a yatsa, baƙi, da danshi, kamar an jiƙa shi da man ja. Perik ke nan. Wuri ɗaya aka san shi da shi a duniya, yankin Sent Jems da ke gaɓar kogin Misisipi a jihar Luwiziyana ta nan Amurka. Sai an cire wa ganyen jijiya, a ɗaɗɗaure shi dami-dami, a danna cikin tsohuwar gangar katako, a ɗora masa ƙarfen matsi har ruwansa ya fito ya rufe shi. Bayan 'yan watanni a kwance, a fito da shi a warware da hannu ya sha iska, a mayar a sake matsewa. Haka za a yi ta yi har shekara ta zagayo. Ranar da na fara buɗe ledarsa na ja da baya, na ce wannan ai daddawa ce! Kuma wallahi ita ce. Abu ne da aka bari ya ruɓa da gangan, shi kaɗai ba ya shinshinuwa, amma ɗan ƙanƙani a tukunya sai miya ta tashi.

Ni kuwa da farko ban yi wannan hankalin ba. Na ga tsadarsa, na ce tunda mai tsada ne bari in zuba da yawa. Kashi ɗaya cikin uku na haɗin na farko Perik ne. Na cika lofe na kunna, zuƙa biyar sai shaƙuwa, sai gumi a goshi, gareji ya fara juya min. A kan tayar mota na zauna har jirin ya sake ni. Dattijon maƙwabcina, wanda a gonar Barli ya tashi, shi ya leƙo ya same ni a haka. Ya ɗauki kwalbar ya shinshina, ya yi dariya har da tari, ya ce a gidansu wannan adadin zai yi musu wata shida.

Yanzu ga sikeli. Giram 50 nake haɗawa, ba na wuce haka, don in ya ɓaci kada asarar ta yi yawa. Bajiniya giram 35, Barli giram 10, Perik giram 5 kacal. Na riga na zare jijiyoyin tun jiya. Sai ka jera ganyen kan juna, ka naɗe kamar tabarma, ka sa wuƙa mai kaifi ka yanka siriri-siriri, yadda ake yanka alayyahu. Perik kuwa da yatsu nake tsattsage shi, domin manne wa juna yake yi, in ka bar shi dunƙule sai ka ci karo da shi wuri guda a tsakiyar lofe.

Danshi shi ne inda ake faɗuwa. Ku kalli hannuna. Na damƙa, na saki. In ya zauna a dunƙule, ruwa ya yi yawa. In ya marmashe, ya bushe. Wanda ake so shi ne ya ɗan tsaya, sannan ya warware a hankali, kamar wannan. Fesa biyu na tataccen ruwa sun isa. Na taɓa zubar da kwalba uku cur saboda na cika fesa, bayan mako biyu na tarar da fumfuna fari fat ya rufe sama.

Sai a zuba cikin wannan ɗan akwatin katakon da na harhaɗa, a ɗora murfi, a ɗaure da ƙarfen matsi irin na kafinta. Kullum da safe in ƙara murɗawa kaɗan, har kwana bakwai. Zai fito kamar ƙosan rogo mai tauri, in yayyanka in zuba a kwalba mai murfin roba. Daga nan sai haƙuri, wata biyu ba buɗewa. Dattijo ya ce wata shida, ni dai ban taɓa kai wa ba.

Bari in rubuta kwanan wata a jikin takardar kafin in manta. Kun ji ana buga ƙofa? Uwargida ce, wai in sauya riga in wanke hannu da sabulu sau biyu kafin in shigo cin tuwo. Sai mun buɗe kwalbar.