Daga Kusko zuwa dajin Amazon: Auta ya dawo da jakarsa

Ummi: Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau kam ba sai na yi doguwar gabatarwa ba, kun dame mu da saƙo tun ranar da hoton nan na tafiyar Auta ƙasar Peru, a Kudancin Amurka, ya fita. To ga shi nan zaune, ya dawo lafiya.

Baffa: Ya rame dai.

Auta: Na rame Baffa, amma alhamdulillahi.

Ummi: Tsarinmu yau uku ne: garin dutsen, dajin, sannan a ƙarshe mu yi lissafin kuɗi, don shi mutane suka fi tambaya. Auta, fara daga saukarka.

Auta: To Yaya Ummi, daga Lima, babban birnin Peru, na hau jirgi zuwa Kusko, awa ɗaya da 'yan mintuna. Lima a bakin teku take. Kusko kuma tana kan tudu kusan mita 3,400. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke cewa sama ce wajen 1,200 take. Ko Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, 2,419 ne. Wato ka ɗora kusan mita dubu a kansa, sannan ka gina gari da kasuwa da 'yan makaranta.

Baffa: Ikon Allah.

Auta: Da na sauka ban ji komai ba. Sai da na zo hawa matakalar masauki da jaka a baya. Mataki goma sha biyu ne, na ƙirga su daga baya. A na bakwai na tsaya, ƙirjina yana bugawa kamar na yi tsere. Da dare kai ya ɗauki ciwo, barci ya ƙi, in na fara gyangyaɗi sai in farka ina neman numfashi. Su suna kiran abin soroche. Iskar ce ba ta da kauri, duk jan numfashi abin da ke shiga jininka ya ragu.

Ummi: Kuma kai kaɗai.

Auta: Nan ne na fara sanin ma'anar kaɗaici. Ɗakin haɗaka ne, gado mai hawa biyu, mu shida, ba wanda ya san sunana. Wajen ƙarfe biyu na fito tsakar gida na zauna, sanyi kamar ƙanƙara, don watan Yuni lokacin hunturunsu ne. Sai matar da ke kula da masaukin ta fito, dattijuwa, da kitso biyu har gadon baya. Ba ta jin Turanci, ni kuma Sifaniyancina bai wuce gaisuwa ba. Ta dube ni, ta taɓa goshinta, na ɗaga kai. Ta shiga ta dawo da bargo da kofin ruwan zafi da ganye a ciki. Ta zauna nesa kaɗan, ba ta tafi ba sai da na shanye.

Baffa: Ganyen nan da ake magana?

Auta: Shi, ganyen koka. A Peru halal ne a doka, a kasuwa ake sayar da shi kamar yadda muke sayar da na'a-na'a, tun zamanin kakanninsu suke taunawa. Amma don Allah masu sauraro, kada wani ya ce zai sako shi a jaka tsaraba. Da zarar ka bar ƙasashen can sunansa ya canza a wurin hukuma.

Ummi: Wannan a ja layi a ƙarƙashinsa.

Auta: Kwana biyu ban yi komai ba sai tafiya a hankali da shan ruwa. Rana ta uku na fita sosai. Baffa, ginin nan! Akwai wani lungu, Hatun Rumiyoc, bangon Inka ne, wato masu daular yankin kafin zuwan Sifaniyawa, duwatsu manya an jera su babu siminti, babu laka, babu komai a tsakani. Akwai ɗaya mai kusurwa goma sha biyu, kowace kusurwa ta zauna daram da maƙwabciyarta. Na durƙusa na duba mahaɗar, ko takarda ba za ta shiga ba. Sifaniyawa sun shiga garin a 1533, suka ɗora cocinsu a kan babban ɗakin bautar Inka, Korikanca. Da girgizar ƙasa ta zo a 1950, ginin sama ya farfashe, na ƙasa yana nan yadda aka bar shi.

Baffa: Magina sun yi aiki. To abinci fa? Ni shi ne damuwata.

Auta: Kasuwar San Pedro ta rufa min asiri. Kifin ruwan sanyi, ƙwai, miyar ganye, da dafaffiyar masara mai manyan ƙwayoyi, kowace ƙwaya kamar farcen babban yatsa, a haɗa maka da cuku. Akwai wani abin sha na jar masara mai duhu, chicha morada, kamar zoɓonmu. Sai dai ka tambaya da kyau, don akwai wata chicha ɗin da aka tsima, wannan giya ce. Sannan dankali. Yaya Ummi, layi guda na dankali ne zalla: baƙi, ja, rawaya, mai zane, wani a murɗe kamar citta. Iri sama da dubu uku suke da shi a ƙasar.

Baffa: Dankalin turawa?

Auta: Ai nan za ka ji. Ba na turawa ba ne. A duwatsun Andes aka fara noma shi, turawa ɗauka suka yi suka kai Turai, daga baya ya iso mana.

Ummi: Wato duk shekarun nan sunan aro muke kira.

Baffa: To sai mu koma wa namu, dankalin Hausa.

Auta: Shi ma daga nahiyar can ya zo, Baffa.

Baffa: Kai Auta, ka ji tsoron Allah.

Auta: Wallahi. Da rogo, da tumatir, da barkono, da masara.

Baffa: To bar min gyaɗa. Dalar gyaɗa a Kano aka yi ta, kowa ya sani.

Auta: Dalar tamu ce. Gyaɗar daga Kudancin Amurka.

Ummi: Innalillahi, har ƙuli-ƙuli!

Baffa: A'a, ƙuli-ƙuli namu ne. Ka ga ƙuli a can?

Auta: Ban gani ba.

Baffa: To shi ke nan. Su suka ba da gyaɗa, mu muka san abin da za a yi da ita.

Ummi: Ni tambayata, kafin barkono ya zo da me kakanninmu suke yaji?

Baffa: Masoro, citta, kimba. Kuma gero da dawa namu ne, kada wanda ya taɓa min su.

Auta: Ba wanda ya taɓa su.

Ummi: Sai a canza suna a kasuwar 'Yankaba, a riƙa cewa a ba ni kwanon dankalin Inka.

Baffa: Mai kayan miya zai ce miki bai da shi.

Ummi: To mu koma, lokaci yana tafiya. Machu Picchu?

Auta: Na je, tsohon garin Inka ne a kan dutse, yana da kyau, kowa ya ga hotonsa. Abin da mutane ba su sani ba, ya fi Kusko ƙasa, wajen mita 2,430, har numfashi ya fi sauƙi. Amma ni dajin ne ya tsaya min a rai. Daga Kusko na hau motar dare zuwa Puerto Maldonado, gari a yankin dajin Amazon, kusan awa goma. Ka fara da hawa sama da mita 4,000, gilashi yana raɓa, kowa a dunƙule cikin bargo. Sai gangara, kwana bayan kwana, kunne yana toshewa. Da asuba na farka rigata ta jiƙe da gumi, ko'ina kore, iska mai nauyi kamar Fatakwal da damina. Dare ɗaya.

Baffa: A nan ma kai kaɗai ka shiga dajin?

Auta: Nan fa "ni kaɗai" ta ƙare. Gandun Tambopata ba wurin da za ka rataya jaka ka kutsa ba ne. Da ɗan jagora ake shiga, a kwale-kwale mai inji. Namu ɗan yankin ne, mahaifinsa mai tsintar wani goro ne na daji da suke kira castaña. Ranar farko na kai hannu zan dafa wata bishiya in cire takalmin roba, sai ya riƙe min wuyan hannu. Ya nuna min da tsinke: wata tururuwa baƙa, tsawonta ya kai gaɓar yatsa, isula. Ya ce harbinta yini guda ake yi ana jin sa. Ni ban ma gan ta ba. Daga ranar duk inda ya sa ƙafa nan nake sa tawa.

Ummi: Allah ya kiyaye.

Auta: Amin. Washegari ƙarfe huɗu ya tashe mu, muka hau ruwa cikin duhu zuwa wani gaɓar kogi mai jan yumɓu. Muka zauna shiru. Gari na wayewa sai ƙananan aku kore suka fara sauka, sannan manyan, ja da shuɗi da rawaya, wutsiya doguwa, bibbiyu bibbiyu. Suna manne da gaɓar suna gutsurar ƙasa suna ci. Gishiri suke nema, don abincinsu na daji ba shi da shi sosai, kamar yadda ake ba shanu kanwa. Kukansu ya cika kogin. Na ɗaga waya, sai na mayar da ita aljihu. Wani Bajamushe kusa da ni hawaye yake yi, ni ma ban yi nisa da hakan ba.

Baffa: Tabarakallah.

Auta: Kuma daren nan sanyi ya sauko. A dajin Amazon! Suna ce masa friaje, iska ce mai tasowa daga kudancin nahiyar a irin watannin nan. Rigar sanyina na bar ta a Kusko wurin dattijuwar nan, don na ɗauka ba zan buƙace ta ba. Ɗan jagoran ya ciro tasa ta biyu ya ba ni.

Ummi: Mutanen kirki.

Auta: Shi ne kuma ya yi min maganar zinariya. A hanyar dawowa ya nuna min inda ake haƙa. Akwai wani yanki, La Pampa, da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba suka mayar da daji rairayi da kududdufai. Da zaiba suke ware zinariyar, zaibar ta bi ruwa, ta shiga kifi, kifin ya shiga cikin mutane. A 2019 gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda suka kore su daga wurin, wasu suka koma wasu sassan. Ya ce min yanzu yana zaɓar irin kifin da yake kai wa 'ya'yansa. Ni kuwa sai Zamfara ta faɗo min, 2010, gubar dalma daga haƙar zinariya, yara ɗaruruwa suka rasu. Na so in faɗa masa, Sifaniyancin bai kai ba. Na ce masa kawai a ƙasarmu ma akwai. Ya gyaɗa kai.

Baffa: Allah ya jiƙan yaran nan.

Ummi: Amin ya Allah. Auta, mai ɗaukar sauti yana ɗaga min hannu, kuma ba mu taɓa lissafin kuɗin ba, ga biza, ga katin rigakafin shawara.

Auta: Katin dai a yi allurar kafin a tafi, a riƙe shi. Sauran yana da tsawo.

Ummi: To sai mako mai zuwa, in sha Allah. Ku ci gaba da turo tambayoyi.

Baffa: Rigar sanyin fa, ka koma ka karɓa?

Auta: Na koma Baffa. Ta wanke ta, ta ninke, ta ajiye min a kan jakata.

Ummi: Sai an jima, jama'a.